Raunin mazakuta: sandar roba da likitoci ke dasawa, da abin da waɗanda aka yi wa aikin ke faɗi

Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan karo ya shafi wata lalura da maza da yawa ke fama da ita a ɓoye. Ita ce raunin mazakuta, wato azzakarin namiji ya kasa miƙewa, ko ya miƙe ya kwanta tun ba a biya bukata ba. Magana ce mai nauyi a baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lalurar nan ta kashe aure da yawa. Ta cinye kuɗin hatsi da na wake a hannun masu tallar magani. Ta sa magidanta sun ƙaurace wa ɗakin iyalinsu ba tare da sun faɗi dalili ba. Saboda haka za mu yi bayani cikin ladabi, kuma a fili.

Za mu fi daɗewa a kan magani na ƙarshe, wanda ake zuwa gare shi idan sauran sun kasa. Shi ne dashen sandar roba mai lanƙwasuwa a cikin azzakari. Za mu ga yadda take, da wanda ta dace da shi, da abin da waɗanda aka dasa wa suke yabawa, da abin da suke kuka da shi.

1. Yadda azzakari ke miƙewa

Babu ƙashi a cikin azzakarin ɗan Adam. Abin da ke ciki shi ne jakunkuna biyu dogaye, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Cikinsu cike yake da nama mai kama da soso. A ƙarƙashinsu akwai hanyar da fitsari da maniyyi ke bi.

Idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ta jijiyoyi. Sai hanyoyin jini su buɗe, jini ya cika soson nan biyu, su kumbura su yi tauri. Kumburin kuma yana matse hanyoyin da jinin zai bi ya koma. Haka azzakari ke tsayawa har a gama.

Mun ga ke nan abu huɗu ake bukata: hankali a kwance, jijiyoyi masu kai saƙo, hanyoyin jini a buɗe, da soso mai lafiya. Idan ɗaya ya samu matsala, rauni ya zo.

2. Abin da ke kawo raunin

Sau da yawa mukan ɗora abin a kan sammu ko ɗauri. Likitoci kuwa sun gano cewa a wurin mafi yawan manyan magidanta, asalin abin a cikin jiki yake. Ga manyan dalilan:

Ciwon sukari. Yana lalata jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini. Kusan rabin mazan da ke da shi suna samun rauni, ko da wuri ko da jinkiri.

Hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, da kitsen da ke toshe hanyoyin jini.

Shan taba, da giya, da ƙwayoyi irin su tramol idan aka daɗe ana shan su.

Aikin da ake yi wa mai kansar prostat, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, da raunin lakar gadon baya bayan haɗarin mota ko faɗuwa.

Wasu magungunan asibiti, kamar wasu na tansiyo da na ciwon damuwa. Ba a daina shan su da kai. Likita ake gaya wa, ya sake wani.

Tunani, da fargaba, da rashin jituwa tsakanin miji da mata. Wannan ya fi yawa ga matasa da sababbin angwaye.

Kada mai wannan lalura ya zaci shi kaɗai ne. A shekarar 1994 an fitar da sakamakon wani babban bincike a jihar Masacusets ta Amurka. An samu maza 52 cikin 100, ƴan shekara 40 zuwa 70, suna da rauni, wasu kaɗan, wasu mai tsanani.

Akwai kuma abin lura. Hanyoyin jinin azzakari sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su ke fara toshewa. Raunin mazakuta yakan riga ciwon zuciya bayyana da ƴan shekaru. Wanda ya je asibiti saboda shi, a auna masa sukari da tansiyo, mai yiwuwa ne ya tsirar da ransa.

3. Matakan magani kafin a kai ga wuƙa

Ba a fara hawan itace daga sama. Likita yana bin mataki bayan mataki.

Mataki na farko shi ne gyaran asalin ciwon: a daidaita sukari da tansiyo, a bar taba, a rage ƙiba, a yi shawara da miji da mata.

Na biyu shi ne ƙwayoyin sha. Wadda aka fi sani ita ce sildenafil, da aka fara sayarwa a Amurka a 1998 da sunan Viagra. Tana taimakon maza da yawa, amma ba ta aiki ga kowa, musamman wanda sukari ya daɗe yana ci. Tana da haɗari babba ga mai shan maganin ciwon ƙirji na zuciya irin wanda ake kira nitrat, domin jini na iya faɗuwa farat ɗaya. Da takardar likita ake sayen ta, a farmasi. Mu yi hattara da garin magani da zumar ƙarin ƙarfi da ake tallatawa a kasuwa da tasha. An sha kama irinsu a ƙasashe da dama da wannan ƙwaya a ciki, ba awo, ba rubutu.

Na uku shi ne allurar da mutum ke yi wa kansa a gefen azzakari, bayan likita ya koya masa, ko wani bututu mai zuƙo jini da iska.

Idan duk waɗannan sun kasa, ko jikin mutum bai ɗauke su ba, a nan ne ake zancen dashe.

4. Mece ce sandar?

Sanduna biyu ne, ba ɗaya ba. An yi su da wata roba mai laushi da ake kira silikon, wadda jiki ba ya ƙi. A tsakiyar mafi yawansu akwai wayoyin ƙarfe ko na azurfa da aka tufka kamar igiya. Wayar ce ke sa sandar ta tsaya a duk inda aka lanƙwasa ta.

Likita yana sa sanda ɗaya a jakar dama, ɗaya a ta hagu. Babu abin da ke fitowa waje. Idan mutum zai sadu da iyalinsa, sai ya miƙe azzakarin da hannu. Idan ya gama, ya lanƙwasa shi ƙasa ko gefe, ya sa wando. Taurin yana nan dare da rana, wurin da ya fuskanta kawai ke sakewa.

Akwai wani iri dabam mai famfo. Shi bututu biyu ne da ake cikawa da ruwa ta hanyar matsa wani ɗan famfo da aka ɓoye a fatar maraina. Ya fi kama da halitta, domin yana tashi yana kwanciya. A Amurka da Turai shi aka fi dasawa. Amma ya fi tsada ƙwarai, aikinsa ya fi wuya, kuma yana da sassan da kan lalace. Sandar mai lanƙwasuwa ta fi araha, ta fi sauƙin dasawa, ba ta cika lalacewa ba. Shi ya sa ake yawan amfani da ita a Masar, da Indiya, da ƙasashen Larabawa.

5. Tarihinta a taƙaice

A 1936 wani likita a Rasha, Nikolai Bogoras, ya gwada sa guringuntsin haƙarƙari a cikin azzakarin da ya sake gina wa wani majinyaci. Dabarar ba ta ɗore ba, domin guringuntsin yakan lanƙwashe ko jiki ya shanye shi. A 1966 wani likitan birnin Alƙahira mai suna Beheri ya ba da labarin mutum 700 da ya sa wa sandunan roba a cikin jakunkunan nan biyu. A 1973 likita Brantli Sikot na birnin Hustan a Amurka ya fito da mai famfo. A 1975 likitoci biyu na birnin Mayami, Simol da Kariyon, suka bayyana sandunansu na silikon. A 1980 likita Udo Yonas na Jamus ya bayyana wadda aka sa wa wayar azurfa a tsakiya, abin da ya sa ake iya lanƙwasa ta ta tsaya. Daga baya likita Rupin Shah na birnin Mumbai a Indiya ya ƙera wata mai rahusa domin marasa ƙarfi. Aikin nan ya shekara 50 ana yin sa, ba sabon gwaji ba ne.

6. Wa ya dace a yi wa?

Na farko, wanda rauninsa na jiki ne, ya daɗe, kuma magunguna sun kasa. Na biyu, wanda azzakarinsa ya karkace ƙwarai saboda tabo a ciki, ga kuma rauni. Na uku, tsoho ko mai ciwon hannu wanda ba zai iya matsa famfo ba.

Na huɗu ya shafe mu sosai a Nijar, inda ciwon emasi, wato sikila, yake da yawa. Masu wannan ciwo kan samu miƙewar azzakari mai zafi, wadda ba ta sha'awa ba ce, ta ƙi kwanciya. Jini ne ya maƙale a cikin soso. Allura ko maganin ƙarin ƙarfi ma na iya jawo haka. Idan abin ya kai awa 4, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Idan aka yi kwana biyu ana jin kunya a gida, soson yana mutuwa, ya zama tabo mai tauri, kuma ƙwaya ba za ta ƙara yi masa aiki ba. Ga irin wannan majinyaci, likitoci sukan ba da shawarar dasa sandar da wuri, tun tabon bai ƙanƙance wurin ba. Iyayen yara maza masu emasi su gaya musu wannan tun suna samari. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo.

Ba a yi wa wanda rauninsa na fargaba ne kawai, tun ba a gwada shawara da magani ba. Ba a yi wa mai ƙurji, ko ciwon sanyi, ko ciwon mafitsara, sai ya warke. Mai sukari kuma sai sukarinsa ya daidaita.

7. Yadda ake aikin

Likitan mafitsara ne ke yin sa, a ɗakin tiyata. Kafin ranar, ana auna jini da fitsari. Ana yi wa mutum allura a gadon baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ko a sa shi barci. Ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Likita yana yin ƴar tsaga, ko a ƙarƙashin kan kaciya, ko tsakanin azzakari da maraina. Ya buɗe jakunkunan biyu, ya faɗaɗa hanya a cikin soson, ya auna tsawo da kauri. Sai ya zaɓi sandar da ta yi daidai da awon, ya sa, ya ɗinke. Aikin yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Akan sa robar fitsari na dare guda. Yawanci ana sallamar mutum washegari.

Zafi da kumburi sukan yi sati biyu ko uku, suna raguwa a hankali. Ba a saduwa sai bayan kamar sati 6, kuma sai likita ya duba ya ba da izini.

Ga babbar magana da kowa ya kamata ya ji kafin ya yarda: ba a komawa baya. Faɗaɗa hanyar nan tana lalata soson. Idan wata rana aka cire sandar ba a sa wata ba, miƙewar halitta ba za ta dawo ba, ƙwaya ma ba za ta yi amfani ba.

8. Abin da waɗanda aka yi wa aikin ke yabawa

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Likitoci a ƙasashe da dama sun bi majinyatansu da tambayoyi bayan watanni da shekaru. A mafi yawan binciken, kamar mutum 7 ko 8 cikin 10 sun ce sun gamsu da sandar mai lanƙwasuwa. Masu mai famfo sukan ɗara haka kaɗan.

Abu na farko da suke ambata shi ne kwanciyar hankali. Wanda ya shekara da shekaru yana shiga ɗaki da fargabar ko abin zai yi ko ba zai yi ba, yanzu ya san zai yi. Ba ya jiran ƙwaya ta kama jiki, ba ya lissafin awa.

Na biyu shi ne sauƙi. Babu abin koyo sai miƙewa da lanƙwasawa. Wanda yatsunsa suka yi rauni ma yana iyawa.

Na uku, jin daɗi yana nan yadda yake kafin aiki. Sandar ba ta taɓa jijiyoyin fata ba, ba ta taɓa maraina ba. Wanda ke kawo maniyyi a da, zai ci gaba da kawowa. Wanda ke haihuwa a da, zai iya samun haihuwa. Fitsari ma yana fita ta hanyarsa.

Na huɗu, kuɗi sau ɗaya ake kashewa. An huta da sayen ƙwaya da allura kowane wata. Mutane da yawa suna shekara 10 ko fiye da sandarsu ba ta yi kome ba.

Da yawa kuma sukan ce abin da ya fi yi musu daɗi shi ne dawowar hira da raha tsakaninsu da iyali, bayan an daɗe ana zaman doya da manja.

9. Abin da suke kuka da shi

Kowane allazi da nasa amanu. Ga koke-koken da aka fi ji:

Tsawo. Wannan shi ne kuka na ɗaya. Da yawa sukan ce azzakarin bai kai yadda suka san shi a ƙuruciya ba. Dalili shi ne shekarun da aka yi babu miƙewa suna sa soson ya ƙanƙance, likita kuwa daidai wurin da ya tarar yake sa sanda. Idan ya cusa wadda ta fi wurin tsawo, za ta yi zafi, ta huda nama. Sandar ba ta ƙara tsawo. Mai son ya san abin da zai samu, ya ja azzakarinsa a kwance a hankali, tsawon da ya gani kusan shi ne.

Kauri. Ba ya ƙaruwa lokacin saduwa kamar na halitta. Yadda yake da rana, haka yake da dare.

Kan kaciya. Sandar ba ta shiga cikinsa, saboda haka ba ya kumbura kamar da. Wasu sukan ji shi da laushi ko da sanyi.

Ɓoyewa. Tun da taurin ba ya tafiya, wasu suna jin nauyin shiga mutane da tufafi masu kama jiki. A watannin farko sukan zaci kowa na kallonsu. Gajeren wando mai riƙewa a ciki, da wando mai faɗi da riga doguwa a waje, suna rufe abin sarai. Mafi yawa suna sabawa da shi bayan ƴan watanni.

Sha'awa. Wanda sha'awarsa ta mutu tun kafin aiki, sandar ba ta tayar da ita. Haka wanda ba ya kawo maniyyi saboda an cire masa prostat, sandar ba ta dawo da shi.

Likitoci sun lura da abu ɗaya. Waɗanda aka yi wa cikakken bayani kafin aiki, suka san iyakar abin, su suka fi gamsuwa. Waɗanda suka shiga da zaton za su koma ƴan shekara 20, su suka fi yin da-na-sani.

10. Haɗarin da ke ciki

Babban haɗari shi ne ƙwayoyin cuta su kama sandar. Yana faruwa ga kamar mutum 1 zuwa 3 cikin 100 da aka yi wa aikin karo na farko. Ya fi haka ga mai sukarin da bai daidaita ba, da mai raunin laka, da wanda ake sake yi wa aiki. Alamominsa su ne zazzaɓi, da zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da ja, da kumburi, da mugunya. Ƙwayoyin sha kaɗai ba su cika warkar da shi ba. Yawanci sai an cire sandar an wanke wurin. Wani lokaci a sa sabuwa nan take, wani lokaci sai bayan watanni. Mai ganin waɗannan alamomi ya koma wurin likitansa a ranar. Kada a shafa toka, ko ganye, ko man kaɗe a kan ɗinki.

Haɗari na biyu shi ne bakin sandar ya riƙa cin nama a hankali har ya huda fata ko hanyar fitsari. Ya fi samun waɗanda ba sa jin zafi a wurin, kamar masu raunin laka, domin ba su ankara da wuri. Irin waɗannan su riƙa duba jikinsu da ido kullum.

Akwai kuma zafin da kan daɗe ga wasu, da karyewar wayar ciki bayan shekaru, ko da yake wannan ba shi da yawa.

Mu tuna, sandar ba ta kare mutum daga sida ko ciwon sanyi. Ana iya sa kwaroron roba a kanta kamar kullum.

11. Rabon uwargida a cikin shawara

Lalurar ta mutum biyu ce, ko fiye a gidan da ke da mata fiye da ɗaya. Mace da yawa, idan miji ya yi shiru, sai ta zaci ya daina son ta, ko kishiya ta yi mata asiri. Daga nan rigima ta tashi a kan abin da babu mai laifi a ciki. Wata kuma takan kai ƙara a raba auren bayan ta gaji da haƙuri.

Binciken likitoci ya nuna cewa gamsuwar miji da ta mata tafe suke tare. Inda aka je wurin likita tare, matar ta ji bayani da kunnenta, an fi samun zaman lafiya bayan aiki. Inda aka ɓoye mata, takan tsorata da ganin abin da ba ta sani ba.

Matan da aka tambaya sukan ambaci abu biyu. Na ɗaya, tsoron kada sandar ta ji musu ciwo. Ba ta ji, idan an bi a hankali. Na biyu, tun da mijin a shirye yake koyaushe, wani yakan manta cewa ita jikinta na bukatar lokaci. Wasa da lallashi suna nan a matsayinsu. Idan akwai bushewa, musamman ga macen da ta daina al'ada, akwai man da ake sayarwa a farmasi domin haka.

12. Shawara ga manomi da makiyayi

Bayan aikin, mutum zai yi sati 4 zuwa 6 ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, ba ya noma, ba ya jan ruwa a rijiya. Ba ya hawan jaki, ko doki, ko raƙumi, ko keke, ko moto. Saboda haka, in ba aikin gaggawa ba ne, kada a sa ranarsa a bakin damana ko lokacin girbi. Bayan an kai amfanin gona rumbu, cikin ɗari, ya fi dacewa. Aiki ya yi sauƙi, gumi ya ragu.

A tanadi ruwa mai tsabta da sabulu, da wandunan ciki da za a riƙa sakewa kullum. Mai sukari ya riƙe maganinsa da abincinsa sosai kafin aiki da bayansa. Mai shan taba ya bari tun da sauran makonni, domin taba na hana rauni warkewa.

Hanya tana farawa daga gidan likita na kusa, inda za a auna sukari da tansiyo. Daga nan a ba mutum takarda zuwa wurin likitan mafitsara. Ana samun su a manyan asibitoci, kamar na Lamorde a Yamai da babban asibitin Damagaram. Shi ne zai faɗi ko lalurar ta kai ga dashe, da inda za a yi shi. Aiki ne mai tsada, domin daga waje ake kawo sandunan. Kada a sayar da gona ko bisashe tun likita bai tabbatar cewa sauran magunguna sun kasa ba. Kada kuma a ba da kuɗi ga dillalin da ya yi alkawarin ƙarin girma ko tsawo.

Ga tambayoyin da ya kamata mutum ya yi wa likitan da zai yi masa aiki: Wane iri za a sa mini, kuma don me? Ka saba yin wannan aiki? Nawa ne kuɗin duka, har da magani da kwanciya? Idan ƙwayoyin cuta suka kama wurin, ina zan je, kuma wa zai biya? Matambayi ba ya ɓata.

Abin da za mu riƙe

Raunin mazakuta ciwo ne kamar sauran ciwuka, kuma yana da magani mataki-mataki.

Mai shi ya auna sukari da tansiyo.

Miƙewar da ta kai awa 4 ba ta kwanta ba, asibiti ake kai ta nan da nan.

Sandar roba magani ne na ƙarshe, kuma ba a komawa baya daga gare ta.

Tana ba da tauri. Ba ta ƙara tsawo, ba ta ƙara sha'awa.

Mafi yawan waɗanda aka dasa wa sun gamsu, musamman waɗanda suka san iyakarta, suka kuma yi shawara da iyalinsu.

Tambayoyi domin cibiyoyin karatu

1. Waɗanne abubuwa huɗu ake bukata kafin azzakari ya miƙe?
2. Ku kawo ciwuka biyu da ke jawo raunin mazakuta.
3. Me ya sa maganin ƙarin ƙarfi na kasuwa yake da haɗari?
4. Me mai emasi zai yi idan miƙewa ta kai awa 4?
5. Ku faɗi abu biyu da waɗanda aka dasa wa sandar ke yabawa, da biyu da suke kuka da su.
6. Wane lokaci na shekara ya fi dacewa manomi ya yi wannan aiki, kuma don me?

Malaman cibiyoyi na iya karanta wannan darasi da maza dabam, mata dabam, domin kowa ya saki jiki ya yi tambaya. Wanda ya karanta, ya karanta wa ɗan uwansa da bai iya ba, a keɓe, cikin rufin asiri. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.